Dandalin Karnuka da Lafiyar Yaran Unguwa

A biranen Amurka mutane da yawa suna zaune da karnukansu a gidajen bene marasa tsakar gida, ga shi kuma a yawancin biranen doka ta hana a saki kare a titi ba igiya. Wannan ne ya haifar da dandalin karnuka, wato fili mai shinge inda ake kwance wa kare igiya ya yi guje-guje. Wanda ake ɗauka shi ne na farko yana birnin Berkeley, a Jihar Kalifoniya, an kuwa buɗe shi a 1979.

Ga masanin ilimin halittu, babban amfanin dandalin yana ga kashin kare. Akwai wata tsutsar ciki mai suna Toxocara canis wadda ƙwanta ke fita cikin kashin. Ƙwan ba ya kama mutum nan take, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a cikin ƙasa, daga nan kuma yakan rayu watanni ko shekaru. Idan yaro ya yi wasa da ƙasar ya kai hannu baki, ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanjinsa, 'ya'yan tsutsar su bi jini zuwa hanta ko huhu ko ido, wani lokaci har idon ya makance. Saboda haka kwashe kashi kullum yana katse rayuwar tsutsar tun kafin ta zama haɗari.

Wannan ya sa masu tsara dandali suke nisanta shi da wurin wasan yara, su zaɓi ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, su tanadi kwandon shara da ruwan sha da inuwa. Sukan yi ƙofa biyu a jere don kada kare ya kuɓuce, su kuma raba ƙananan karnuka da manya.

Sai batun adalci. Binciken lafiya a Amurka ya nuna cewa cutar wannan tsutsa ta fi yawa a tsakanin talakawa. Idan aka gina dandali a unguwar masu hali kaɗai, karnukan sauran unguwanni sai su koma filin wasan yara. Don haka ya kamata a fara duba inda jama'a suka yi cunkoso kuma gidaje ba su da fili, a sa dandalin inda za a kai da ƙafa, ba kuɗin shiga. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 kuma ta wajabta hanyar da keken guragu zai bi. Ashe ke nan wurin da aka kafa dandali ya shafi har yaron da gidansu ba kare.