Kafin Jami'an Bincike Su Ƙwanƙwasa Ƙofa

Yawancin 'yan kasuwar da ke shiga tsaka mai wuya ranar binciken haraji ba marasa gaskiya ba ne. Takardun suna nan, amma a ina? Wasu cikin buhu a bayan shago, wasu a gidan akantan da ya bar aiki bara, wasu a wayar yaron kanti. Shi kuwa jami'in da hukuma ta turo ba ya aiki da "wallahi akwai shi". Abin da ka ɗora masa a tebur shi ne hujjarka.

Fara da sanin wa'adi. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ta wajabta wa kamfani adana bayanan kuɗinsa har shekara 6 daga ranar da aka rubuta su. Hukumar harajin tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin dokar 2025 ta mayar da ita NRS, ita ma takan waiwayi shekarun baya gwargwadon haka. Ni dai shawarata, ka ƙara shekara ɗaya a kai kafin ka ƙona komai. Takardun rajistar kamfani na CAC, na fili da na haya kuwa, ba a zubar da su sam.

Sai ka yi wa kanka jarrabawa tun ba a yi maka ba. Buɗe littafin shiga da fita na shekara uku da suka wuce, ka rufe ido ka ɗora yatsa a kan ciniki ɗaya. Ka ce wa akanta ya kawo takardar sayen kayan, da rasit, da shafin bayanan banki da ke nuna fitar kuɗin, da shaidar shigar kayan sito. In aka yi rabin awa ana zazzage kwalaye, to ba ka shirya ba. Odita haka yake aiki: ba zai karanta dukan fayilolinka ba, zai tsinci 'yan kaɗan ne ya bi sawunsu daga farko har ƙarshe. Inda sawu ya ɓace, nan zai ƙi amincewa da kuɗin da ka ce ka kashe, harajinka ya hau.

Akwai abin da ke cin mutane ba su sani ba: rasit ɗin na'urar POS. Zafi ne ke fito da rubutunsa, ba tawada ba, don haka in ya kwana biyu a aljihun tebur lokacin bazara sai ka ɗauko farar takarda fes. Ka riƙa yin fotokwafinsa ko ɗaukar hotonsa a makon da aka bayar, ka manne da na ainihi.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Kada kwali ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, saboda gara da danshin damina. Kabad na ƙarfe ya fi. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ko ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, ya san kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. A ɗora hotunan takardu a intanet ko a faifan ajiya da ke kwana a wani gini daban, kowace shekara da jakarta, kowane wata da sunansa. Shaidar biyan VAT da ta harajin albashin ma'aikata, wanda ke zuwa hukumar harajin jiha, a ware musu fayil nasu. Fayilolin ma'aikata da na abokan ciniki kuma a kulle su, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora maka alhakinsu.

Ranar da jami'an binciken suka iso, ka nemi ganin katin shaida da wasiƙar da ta turo su, ka duba shekarun da ta ambata. Mutum ɗaya ya riƙa amsa tambayoyi, ba kowa ya tsoma baki ba. Takardar da ta ɓace ka ce ta ɓace, ka nemi kwafi daga banki ko daga wanda ya sayar maka. Ƙirƙirar sabon rasit da tsohon kwanan wata laifi ne da ya fi ɓatan takardar girma nesa ba kusa ba. In za su tafi da wani fayil, ka ba da kwafi in sun yarda, in ba haka ba a rubuta jerin abin da aka ɗauka, su sa hannu, kai ma ka riƙe naka.