Kamun Kifin Steelhead Cikin Hunturu

Idan hunturu ya same ka a kogin Hoh na jihar Washington a Amurka, ka sani sanyin ruwa yana kashe wa steelhead jiki. Lafewa yake can ƙasa inda ruwa bai da gudu, ba ya bin ƙugiya da nisa. Sa zare mai nutsewa, ka kai masa ƙugiyar har hanci. Sandar spey mai ƙafa 13, ta hannu biyu, tana jifa ko da bishiyoyi a bayanka. Jefa, bari ruwa ya kewayo da ƙugiyar, matsa taku biyu, ka sake. Ka ji taɓi, kada ka fizga, bari ya ja tukuna. In kifin na daji ne kuwa, ba na kiwo ba, don Allah, cikin ruwan za ka cire masa ƙugiya ka sake shi.