A Ƙirga Ƙafafu Kafin A Ɗauko Fiya-fiya

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Kogin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a fadamun Goronyo da Wurno, haka ma mutanen Rabah ba su bar bakin Kogin Sakkwato ya huta ba. Inda laima ta zauna kuwa, ƙananan halittu sun sami gida. Mai lambu ya ɗaga tarin ruɓaɓɓen ganyen albasa, ko uwargida ta jirkita randa, sai a ga abubuwa suna watsewa. Nan take a ce ƙwari ne, a aiki yaro sayen fiya-fiya.

Ba dukkansu ne ƙwari ba, kuma ƙafa ce ke raba gardama. Mai ƙafa 6 shi ne ƙwaro na ainihi: gara, kyankyaso, ƙwaron wake. Kunama da gizo-gizo 8 gare su. Shanshani da ƙadandoniya nasu sun wuce ƙirgen mai gaggawa. Sai wani ɗan toka-toka mai sulke a baya, ƙafarsa 14, wanda wani irinsa kan dunƙule in an taɓa shi. Masana sun sa shi a dangin ƙaguwa da jatan lande, sun kuma ƙirga irinsa fiye da 3,500 a duniya, har da mai haƙa rami a hamadar Arewacin Afirka. Uwar a wata jaka ƙarƙashin cikinta take goyon ƙwanta. Ba ya cizo, ba ya huda busasshen hatsi, ruɓaɓɓen ganye yake ci ya mayar da shi taki. Misalinsa misalin mai sharar kasuwa ne, wanda kan fito bayan kowa ya tashi, ya kwashe ƙazantar da wasu suka bari, bai taɓa kayan kowa ba, amma don an gan shi da dare a bakin rumfa sai a yi masa ihun ɓarawo, alhali ɓarawon na gaske yana cikin buhu yana cin wake.

To, ga inda hankalin hukuma ya tashi. Gubar da ake fesawa gindin randa ita ce ake yayyafa wa wake da busasshen kifi don kada su yi ƙwari. Sinadarin DDVP ne, wanda ke cikin Sniper da mafi yawan fiya-fiya. Yana shiga jiki ta baki, ta fata, ta numfashi. Wanda ya sha shi da yawa sai amai, gumi, dalalar yawu da sarƙewar numfashi, yaro kuma ya fi babba saurin faɗuwa. Saboda wannan sinadari Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Abin da baƙi suka ƙi saya, shi magidanci zai auna wa iyalinsa? Ɗan kasuwar da ya zuba wa wake guba ya kai kasuwa bai faɗa ba, ya ci amanar Musulmi, kuma zai amsa tambaya ranar gobe. Uwar da ta ajiye kwalbar kusa da tulu, inda mai rarrafe zai kai hannu, kada ta ce ƙaddara ce. Ya zo a hadisi cewa Allah Ya yi wa wani Annabi faɗa don ya ƙone gidan tururuwa sukutum saboda cizon guda ɗaya, balle a sa rayukan mutane a hatsari saboda halittar da ba ta ciji kowa ba.

Sauran abin mai sauƙi ne. A ɗora randa kan duwatsu, a share ruɓaɓɓen ganye a kai gona, albasa ta sha iska. Wake ya bushe sarai, a zuba shi a buhun PICS mai ninki 3 ko jarka mai murfi, rashin iska zai kashe ƙwaron.

In kuwa wani ya sha gubar, kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar don likita ya gani.