Dillancin Intanet da Amanar Bayanan Jama'a

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Dillali yakan haɗa mai saye da mai sayarwa, in ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. A yau wannan sana'a ta shiga intanet. Matasa da yawa a Abuja, daga Kubwa har Nyanya, suna tallata kayan manyan kamfanoni ta wayar salula. Kamfani yakan ba dillali wani mahaɗi mai ɗauke da lambarsa; duk wanda ya latsa shi ya sayi kaya, sai a rubuta wa dillalin la'ada. Kamfanin Amazon na Amurka ya soma irin wannan tsari tun 1996.

Sai dai akwai bambanci. Dillalin kasuwar Wuse yakan riƙe abokan cinikinsa a ka, amma na intanet yakan tara sunaye da lambobin waya da adireshin imel. Haka kuma mahaɗin nan yakan bar wata 'yar alama da ake kira kukis a cikin wayar mai saye, domin kamfani ya gane ta hannun wa ya zo. Waɗannan bayanai amana ce, kuma lalle ne wanda ya karɓe su ya rubuta takardar kiyaye sirri, watau sanarwar da za ta gaya wa masu su abin da za a yi da su.

ABIN DA DOKA TA CE

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. Kana a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai mai hedkwata a Abuja. Dokar ba ta shafi wanda ya ajiye lambobin 'yan uwansa don harkar gida ba. Amma wanda ya tara su don neman kuɗi, ko da shi kaɗai ne a ɗakinsa, ta hau kansa.

ABIN DA ZA A RUBUTA

Kafin ka ɗauki alƙalami, zauna ka lissafa kowane bayani da ke shigowa hannunka da inda yake tafiya. Sa'an nan ka amsa waɗannan a rubuce:

1. Wane ne kai, ina kake sana'a, kuma ta yaya za a same ka?
2. Waɗanne bayanai kake karɓa?
3. Don me kake karɓarsu, kuma bisa wace hujja? In yardar mutum ce hujjarka, to, sai ya ba da ita a fili, domin shiru ba yarda ba ne a wurin wannan doka.
4. Wa kake ba su? Ambaci kamfanin da kake yi wa dillanci, ka kuma bayyana cewa kana samun la'ada.
5. Har yaushe za ka ajiye su?
6. Mene ne haƙƙin mai bayanin? Yana da ikon ya ga abin da ka riƙe, ya sa a gyara ko a share, ya janye yardarsa, ya kuma hana a aiko masa da talla.
7. Ina zai kai kuka? Gaya masa yana iya kai ƙara gaban Hukumar Kare Bayanai.

KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Babban kuskure shi ne kwafo takardar wani kamfani a canza suna kawai. Rigar aro ba ta rufe katara. Takardar da ta ce ba ka ba kowa bayani, alhali kana tura wa kamfani lambobin mutane, ita ce za ta zama shaida a kanka. Yi rubutu da harshe mai sauƙi. In Hausawa kake yi wa talla, rubuta da Hausa. Sa takardar inda mutum zai gan ta kafin ya ba da bayaninsa. Kada ka karɓi bayanan yaro ba da yardar iyayensa ba. Idan kuwa aka sace bayanan da ke hannunka har ana tsoron cutar da masu su, doka ta ba ka awa 72 daga lokacin da ka sani ka sanar da Hukuma.

Jama'a su sani cewa tarar ƙaramin ɗan kasuwa da ya karya wannan doka tana iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Riga-kafi ya fi magani. Saboda haka kowane dillali ya rubuta tasa takardar, ya kuma sake duba ta duk sa'ad da ya ɗauki tallar sabon kamfani.