Bindigar Iska Ko Tarko? Darasi A Kan Kare Lambu Daga Ɓeraye

Duk mai lambu a bakin tafkin Kainji ya san cewa ba shi kaɗai yake jiran amfanin gonarsa ba. Ana cikin ban ruwan albasa, tumatir, masara ko shinkafar rani, ɓera yana nasa lissafi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin yana cika yana janyewa kowace shekara. In ya janye sai ciyawa ta tsiro a baki, ɓeraye su sami wurin ɓuya da haihuwa. In ya cika sai ruwa ya koro su tudu, zuwa lambuna, rumbuna da ɗakunanmu.

Saboda wannan ɓarna, waɗansu matasa suna tambaya ko zai yi kyau su sayi bindigar iska mai araha, wato bindigar da take harba ɗan ƙaramin harsashin dalma da ƙarfin iska, ba da albarushi ba. Tambaya ce mai kyau. A wannan darasi za mu duba ta dalla-dalla, domin kada mutum ya kashe kuɗin takinsa a kan abin da ba zai biya masa bukata ba.

1. Ku fara sanin mai yi muku ɓarna

Ba kowace dabba ake kamawa da dabara ɗaya ba. Ku zaga lambu da sassafe, ku duba sawu, kashi, rami da irin cizon.

Ɓeran gida da gona. Akwai wani iri da macensa take da nonuwa da yawa, har wajen 24. Cikinta ba ya wuce mako uku da 'yan kwanaki, kuma tana iya haifar 'ya'ya goma ko fiye a lokaci ɗaya. Da dare yake fita. Yana tone irin da aka shuka, ya shiga rumbu, ya shiga ɗaki.

Ɓeran ciyawa. Shi da rana yake yawo. Za ku ga 'yan hanyoyinsa a cikin ciyawar kan kunya da bakin magudanar ruwa.

Gafiya ko burgu. Tana kai kilo ɗaya ko fiye. Da dare take tonon rogo, dankali da gyaɗa, ta cika kumatunta ta kai rami.

Gyazbi, waɗansu suna cewa gyauji. Shi ne babbansu, yana iya wuce kilo biyar. Yana son ciyawar bakin ruwa. Yakan datse karan shinkafa, masara ko rake a karkace kamar an sa wuƙa.

Kurege. Da rana yake tone gyaɗa da irin masara.

Jaɓa kuwa, mai dogon baki da wari, ba dangin ɓera ba ce. Ƙwari ne yawancin abincinta. Kada a ɓata ƙarfi a kanta.

2. Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna tsammani bindigar iska abin wasan yara ce. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ba ta ɗauke ta haka ba. Ta sa bindigar iska a jeri ɗaya da bindigar farauta, kuma mallakarta yana bukatar lasisi daga ofishin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ko bindigar toka ta maharba tana da nata lasisi, daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. A 2023 ma, Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka matakin farko shi ne a je ofishin 'yan sanda a tambayi yadda abin yake, tun kafin a ba kowa ko kwabo. Wanda aka kama da ita babu takarda, kotu ce da ɗauri a gabansa, kuma rasiɗin mai shago ba lasisi ba ne.

Akwai kuma halin da yankinmu ya shiga. Ba mu manta da ɗaliban da 'yan bindiga suka sace a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ba, da hare-haren da ƙauyuka da dama suka sha. Daga nesa, musamman da dare, ba mai iya bambanta bindigar iska da ta yaƙi. Saurayin da ya fita lambu da tocila a goshi da dogon abu a kafaɗa, yana iya gamuwa da jami'an tsaro ko 'yan banga da ba su san shi ba. Ɓera ne ya fitar da shi, amma ransa ya sa a hatsari. Iyaye, ku yi tunani a kan wannan sosai.

3. In mutum yana da lasisi, wace iri ce ta dace?

Iri uku aka fi sani. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bakinta a ɗana ta da hannu, a sa harsashi ɗaya. Ita ce mafi araha da sauƙin gyara, ba ta bukatar kome sai harsashi da ɗan mai. Akwai wadda ake ɗura wa iska da famfo na musamman. Tana da saiti ƙwarai, amma ita da famfonta suna da tsada, kuma in robar da take riƙe iskar ta lalace, samun mai gyara a Yelwa ko Wara zai yi wuya. Ta uku tana aiki da 'yan ƙananan gwangwanayen gas da ake saya ana yarwa, kuɗi ne kullum. Ga mai lambu a ƙauye, mai sifirin ce kaɗai take da ma'ana.

Faɗin harsashi iri biyu ne aka fi samu: milimita 4.5 da milimita 5.5. Ƙaramin ya fi tafiya a miƙe kuma ya fi araha. Babban ya fi nauyin duka. A zaɓi wanda ake samun harsashinsa kusa, gama bindiga ba harsashi sanda ce kawai.

A kuma san iyakarta. Amfaninta a kan ɓera bai wuce taku ashirin zuwa talatin ba, kuma sai an sami kai ko ƙirji. Gyazbi ya fi ƙarfin mai araha. Sau da yawa rauni kawai za ta yi masa, ya gudu ya mutu a wahale cikin ciyawa. Araha ba ta ado: wadda ba ta da saiti, asarar harsashi ce.

Harsashin yana iya tsiyaye ido, yana iya kashe ƙaramin yaro. Yana kuma tsalle in ya bugi dutse, ƙasa mai tauri ko fuskar ruwa. Kada a yi harbi wajen tafki, gama masunta da yara suna can. Kada a yi harbi wajen gida ko hanya. A ajiye ta a kulle, harsashi a wani wuri dabam. Dalma kuma guba ce. Mun ji yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kada a riƙe harsashi a baki, kada a bar yara su yi wasa da shi.

4. Mu yi lissafi

A ce mutum gwani ne, ya hana idonsa barci ya harbe ɓera biyar a dare ɗaya. Macen ɓera ɗaya da ta tsira za ta mayar da goma cikin wata guda, kuma 'ya'yanta za su fara haihuwa kafin albasa ta isa cira. In maƙwabcinsa bai yi kome ba, na can za su ƙaura su cike gurbin. Bindiga ɗaya tana aiki a wuri ɗaya, sa'ad da mai ita yake a farke. Tarko ashirin suna aiki a wuri ashirin, mai su yana barci.

Kafin ku yanke shawara, ku tambayi kuɗin bindiga, ku haɗa da na lasisi, na mota zuwa neman takarda, da na harsashin shekara. Sa'an nan ku je wurin maƙeri ko kasuwar Yelwa ku tambayi kuɗin tarko ɗaya. Ku raba ku ga tarko nawa wannan kuɗi zai saya. Amsar za ta nuna muku hanya.

5. Hanyar da ta fi: a hana abinci, a hana maɓoya, a kama tare

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muddin akwai abinci a zube da ciyawa a tsaye, ɓera ba zai ƙare ba.

A lambu: A nome ciyawar kan kunya, gefen shinge da bakin magudana. A kwashe tarin kara da shara. A rushe ramuka a toshe su. Wanda aka tarar an sake buɗewa washegari, akwai mai gida a ciki, nan za a ɗana tarko. Kada a bar amfanin da aka girbe ya kwana a gona.

A rumbu: A ɗaga rumbu a kan ƙafafu kamar mita ɗaya, a sa wa kowace ƙafa kwanon langa-langa a kife kamar malafa, domin ɓera ya kasa hawa. A sare reshen itacen da ya taɓa jinka. A zuba hatsi da wake a durom mai murfi, ko a buhun PICS mai rufi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Ku tuna, ƙaramin ɓera yana iya shiga ta ƙofar da fensir zai shiga.

Ɗana tarko: A sa shi a jikin bango ko a kan hanyar ɓera, ba a tsakiyar fili ba. Ƙuli-ƙuli, gyaɗa soyayya ko ɗan busasshen kifi sun isa abin jan hankali. Ɓera yana tsoron sabon abu, saboda haka a bar tarkon da abinci ba a ɗana ba har kwana biyu ko uku, sa'an nan a ɗana duka a dare ɗaya. Ana kuma iya binne bokiti ko tulu har bakinsa, a zuba ruwa rabi, a watsa ƙaiƙayi a kai. Amma a gona kawai, inda ƙananan yara ba sa zuwa.

Lokaci: A fara tun kafin shuka, a sake kafin shinkafa ta yi ciki. Kama mace ɗaya a farkon lokaci ya fi kama goma ana gab da girbi.

Haɗin kai: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu lambun da suke jere a gaɓa ɗaya su sa rana ɗaya ta noman ciyawa da mako ɗaya na ɗana tarko. Ƙungiya tana iya sayen tarkuna ta riƙa bayarwa aro, sakatare yana rubuta yawan abin da aka kama kowace safiya. A sanar da mai unguwa ko dagaci domin kowa ya shiga.

Masu taimakonmu: Kyanwa tana da amfani a gida. Mujiya kuwa, wadda waɗansu suke jifa domin camfi, ita da mijinta da 'ya'yansu suna cin ɓera fiye da dubu a shekara. A Isra'ila, Jordan da Malesiya, manoma har akwatin sheƙa suke kafa mata a gona. A bar ta ta yi aikinta. Cinna wa daji wuta domin kama gafiya kuwa yana ƙone taki da abincin dabbobi, wani lokaci har da rumbun maƙwabci.

6. Gargaɗi a kan guba

Maganin ɓera da ake sayarwa a ƙulle cikin leda ba suna, ba a san abin da yake ciki ba. Yana kashe kaji, karnuka, kyanwa da mujiyar da ta ci mataccen ɓera, kuma yara suna iya ɗauka. A bakin tafki, ruwan sama yana iya wanke shi zuwa inda muke kamun kifi. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a sito tana fitar da iska mai kisa. Kada a taɓa sa ta a ɗakin kwana. In ya zama dole a yi amfani da magani, a nemi malamin gona, a sayi mai lambar NAFDAC, a sa shi cikin guntun bututu ko gora inda ɓera kaɗai zai iya shiga. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalin maganin.

7. Ɓera da lafiyar iyali

Ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ne babban mai ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da yake Jihar Borno a yau, sa'ad da ta kama ma'aikatan jinya na mishan, biyu suka rasu. Ana ɗaukarta ta abinci ko kayan da fitsari da kashin ɓera suka taɓa, ko ta jininsa wajen fiɗa. Ta fi yawa da rani. Tana da hatsari ƙwarai ga mace mai ciki, kuma waɗansu da suka warke sukan kurumce.

Saboda haka, ko da tarko aka kama ko da bindiga, kada a taɓa mataccen ɓera da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne shi da zurfi ko a ƙone, a wanke hannu da sabulu. Kada yara su gasa ɓera su ci. A rufe abinci da ruwan sha. A daina shanya rogo, shinkafa ko kifi a ƙasa ko gefen titi har su kwana. Wanda ya yi zazzaɓi bai sauka da maganin zazzaɓin cizon sauro ba, musamman in akwai ciwon maƙogwaro, amai ko zubar jini, a kai shi asibiti da wuri, gama magani ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Wace dabba ce ta fi yi mana ɓarna, kuma a wane wata?
2. Kwano ko buhu nawa kowannenmu yake ganin ya rasa bara, a gona da a rumbu?
3. Da kuɗin bindiga ɗaya, tarko nawa za mu saya? Wa zai riƙe su?
4. Waɗanne wurare ne a unguwarmu suke ba ɓera abinci da maɓoya?
5. Wace rana za mu sa domin noman ciyawa da ɗana tarko tare, kuma wa zai gaya wa waɗanda ba su zo taro ba?

Ku rubuta abin da kuka kama na mako huɗu, ku kawo lissafin a taro na gaba domin sauran ƙungiyoyi su koya daga gare ku. Allah ya ba mu albarkar noma da lafiyar ci.