Gawa a Tarago, Babu Mai Kuka

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, a nan Kalgo nake zaune. Da hutu wata ƙawata ta ara mini littafin Agatha Christie mai suna Murder on the Orient Express. Ban iya ajiye shi ba sai da na ga ƙarshensa, amma ina rufewa sai na ji wayam, ba abin da ya zauna mini a rai. Malam, littafin ne ke da rauni, ko ni ce ban gane shi ba? Kuma me ya sa ba na cin karo da irinsa da Hausa?

Amsa: Kin gane shi sarai. Daɗin da ya hana ki barci gaskiya ne, wayam ɗin da kika ji daga baya shi ma gaskiya ne, kuma a ganina tushensu ɗaya. Sai dai kafin in shiga, wanda bai karanta littafin ba kuma yana da niyya, ya dakata a nan, domin ba yadda za a yi in amsa ba tare da na fasa ƙwan ba.

Littafin ya fito a 1934, shekarar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito a Zariya. Marubuciyar 'yar Ingila ce, an haife ta a 1890, ta rasu a 1976, ta bar littattafan binciken kisa har 66. Ba daga sama ta tsinci labarin ba. A 1932 an sace jaririn Charles Lindbergh, shahararren matuƙin jirgin sama na Amurka, aka biya kuɗin fansa dala 50,000, daga baya aka tsinci gawar yaron. Wata 'yar aikin dangin da 'yan sanda suka matsa wa da tambayoyi ta kashe kanta. A 1929 kuma dusar ƙanƙara ta taɓa tsare ainihin wannan jirgin ƙasa kwanaki a ƙasar Turkiyya. Waɗannan abubuwa biyu ta haɗa.

Ƙarfin littafin na farko shi ne yadda ta toshe kowace ƙofa. Jirgi ya taso daga Santambul, ƙanƙara ta tsayar da shi a tsakiyar Yugoslabiya, gari ya waye an sami wani fasinja mai suna Ratchett kwance a ɗakinsa da sukan wuƙa 12. Taga a buɗe take, amma babu sawu ko ɗaya a kan ƙanƙarar. Duk wanda ya taɓa ganin masu bin sawun shanun sata a ƙauyukanmu ya san nauyin wannan magana. Mutumin zai durƙusa ya duba zurfin kofato, ya duba ko gefen sawun ya bushe ko da sauran danshi, ya murza kashin saniyar da yatsa, sannan ya miƙe ya ce da asuba suka wuce, kuma ɗaya tana ɗingishi. In sawu ya shiga gari bai fita ba, to ɓarawo yana cikin gari. Haka Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam, ya karanta wannan taga: an buɗe ta ne don a ruɗe shi, mai kisan yana cikin taragon.

Na biyu, kuma shi na fi girmamawa, ba ta ɓoye wa mai karatu komai ba. Abin da Poirot ya gani kin gani: agogon da ya tsaya ƙarfe 1:15, hankicin mace, tsinken share lofe, guntun takardar da ba ta gama ƙonewa ba. Likitan Girka da ke jirgin ya faɗa ƙarara cewa wasu raunukan masu zurfi ne, wasu ƙarzane ne kawai, wasu da hannun dama aka yi su, wasu da hagu. Amsar ke nan an ajiye miki a gaba tun farkon littafin, amma ba ki ɗauka ba, domin kin riga kin sa a ranki cewa mutum ɗaya kike nema. Fasinjoji suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da wanda zai shaide shi cewa yana wuri kaza a lokaci kaza, kuma mai shaidar baƙo ne da a zahiri ba abin da ya haɗa su. Daga ƙarshe ta bayyana cewa mutum 12 ne suka haɗa baki, kowa ya soka sau ɗaya, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Wannan ba ƙaramar tarbiyya ba ce ga ƙwaƙwalwa. Littafin yana koya wa mutum ya raba abin da ya gani da abin da ya zata. Akwai Bouc, babban jami'in kamfanin jirgin, wanda tun farko ya nace cewa Ba'italiyan nan ne, don kawai a tunaninsa mutanen Italiya da wuƙa aka san su. Hujja ta zo ta nuna masa lamarin ya fi ƙarfin wannan zato. Mu kuma ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, inda rigar ta yage, gaba ko baya, shi ya raba gardama. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na ƙasarku ta Gwandu littafi sukutum ya rubuta kan mulki da shari'a, Liya'ul Hukkami. Al'ummar da ke da wannan gado bai kamata ta raina labarin da ke cewa kada a kama mutum sai da hujja ba.

To, ina wayam ɗin ya fito? Don lissafin ya fita daidai, sai da ta cire duk abin da zai dame shi, kuma abin da ta cire shi ne mutuwar kanta. Ki tuna abin da ke bayan labarin. An sace Daisy Armstrong tana 'yar shekara 3, aka karɓi fansa aka kashe ta. Uwar tana da ciki, ta haihu bakwaini ta rasu. Uban ya harbe kansa. Mai renon da aka zarga ta faɗo ta taga. Gida guda ya ƙare. Amma duk wannan a 'yan layuka aka ba ki shi, kamar rahoton da aka karanto daga fayil. Shafukan da aka kashe kan wa ya ga mace mai jar riga a lungun tarago sun ninka waɗanda aka ba baƙin cikin wannan gida. Ke kuwa kin tashi a inda in aka yi rasuwa ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, maƙwabta su ɗauke wa gidan girki. Dole ki ji wani abu ya ɓace.

Mutanen littafin ma ba a ba su rai sosai ba. Gimbiyar Rasha, kanar na Ingila, Ba'amurkiya mai surutu, kowa da tambarin ƙasarsu a goshi. Za a iya kare marubuciyar a ce ai dukkansu wasan kwaikwayo suke yi wa Poirot, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ko bayan asiri ya tonu, shafuka kaɗan suka rage, ba mu sami damar sanin ko wane ne a cikinsu ba. Sannan shirin kisan ya cika tsari har ya wuce hankali. Raymond Chandler, marubucin Amurka, ya soki wannan littafi da ire-irensa a wata maƙala a 1944, yana ganin kisa a cikinsu dalili ne kawai na samar da gawa, ba abin da mutane na gaske ke aikatawa don dalilai na gaske ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen. Poirot ya kawo bayani biyu, ɗaya ƙarya cewa wani baƙo ne ya shigo ya yi kisan ya gudu, ɗaya gaskiya. Aka zaɓi a miƙa wa 'yan sanda ƙaryar, kowa ya kama gabansa. Mai karatu yana murna, domin an tabbatar masa Ratchett shi ne Cassetti wanda ya kashe yarinyar, kuma ya kuɓuce wa kotu da ƙarfin dukiya. Amma marubuciya ce ta tabbatar, ita da ke riƙe da alƙalami. A duniya babu mai ba taron jama'a wannan tabbaci. Waɗanda suka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyarsu ta komawa Kano, su ma sun yi imani masu garkuwa da mutane suka kama. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun daɗe da magana kan taron dangi: a Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi kan jama'ar da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, yawansu bai wanke su ba. Littafin da ya yi shafi sama da 200 yana koya mana bin hujja, ya zo ya rufe da wanke masu ɗaukar doka a hannu ba tare da ko muhawara ba. Ban yarda da shi a nan ba.

Batun Hausa kuwa, labaran laifi muna da su. Akwai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, biyun ƙarshen nan sun fito a 1982. Sai dai galibi mai laifin muke bi, mun san shi tun farko, abin da muke jira shi ne yadda zai ƙare. Tambayar marubutanmu ita ce me ya kai shi, ba wane ne ba. Akwai kuma dalili na zahiri. Salon Christie yana buƙatar gawa ta jira likita da mai bincike. A wurinmu wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma dangi da yawa ba sa son a taɓa gawa da sunan bincike, sai su ce sun bar wa Allah. Duk wanda zai rubuta irin wannan labari a Kalgo ko Bunza dole ya fara daga nan. Wataƙila mai bincikensa ba ɗan sanda ba ne, tsohuwar da ta yi wa mamaciya wanka ce, ta ga wani tabo a wuya, ga kunyar surukai, ga amanar da ke kan mai wanka ta rufa asirin mamaci. Wannan labari zai sami lissafin, ya kuma sami makokin da kika nema kika rasa.

In kina son ki ƙara gwada marubuciyar, nemi And Then There Were None na 1939. Mutum 10 ne a wani tsibiri, babu Poirot, kuma a nan ta bar tsoro da nadama sun yi aiki a zukatan mutanenta fiye da yadda ta yi a jirgin. Ki karanta da biro da takarda a gefe, ki rubuta wanda kike zargi a ƙarshen kowane babi tare da hujjarki. Allah ya ba da sa'ar karatu.