Gajerun Shuke-Shuke Na Bakin Fangali

Kai mai karatu, in kana da ɗan fili a gindin katanga kana so ka ƙawata shi da furanni, ko kuwa an ɗauke ka aikin lambu a wani gida ko makaranta, to, ga abin da ya kamata ka sani tun ba ka sa fartanya a ƙasa ba. Fangalin furanni tsari gare shi kamar na 'yan makaranta in za a ɗauke su hoto: dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, gajeru a gaba, don kada wani ya tare wani. Zancenmu a nan na sahun gaba ne, watau bakin fangali, inda ya haɗu da hanya.

Shuke-shuke iri biyu ne. Akwai masu damina ɗaya, kamar gero da wake, su tsira, su yi 'ya'ya, su mutu. Akwai kuma masu shekara da shekaru a wuri guda, kamar lalle da moda. Ko ganyensu ya bushe, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Irin na biyun nan su ne na bakin fangali, gama wurin ba ya son a riƙa tona shi ko wace shekara. Saiwar abin da ke bakin ita ce ke riƙe ƙasar fangali duka. In ka bar wurin fili a farkon damina, ruwan indararo ɗaya ya isa ya kwashe ƙasarka da takinka ya zuba su a hanya.

Ka san kuwa babu wurin da ya kai bakin nan wuya. Nan rana ta fi duka, don ba inuwar katanga. Nan ƙasa ta kan fara bushewa. Nan yaro ke takawa, kaza ke tono, akuya ke fara sa baki. Saboda haka wanda ya zaɓi na gaba don kyaun fure kaɗai, kafin bazara zai ga bakin fangalinsa ya zama kamar bakin tsoho, haƙori nan, giɓi can.

Wannan tsari na jera furanni sahu sahu a Ingila ya yi ƙarfi. Wata mata mai suna Gertrude Jekyll, wadda ta rasu a 1932, ta yi suna ƙwarai a kansa, fangalin gidanta ma tsawonsa ya kai wajen ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 14. Tsarin nata abin koyi ne. Amma shuke-shukenta na ƙasar sanyi ne, abin da su ke gudu ƙanƙara ce. Mu kuwa abin da namu ke fama da shi rani ne. A Zariya ruwan shekara ya kan kai wajen inci 40, amma kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba ya ke zuba, Kano da Sakkwato kuwa nasu bai kai haka ba, raninsu kuma ya fi tsawo. Don haka kada hoton da ke jikin takardar iri ya ruɗe ka. Fure ya yi shekara goma a Landan, ya zo nan ya kasa ganin ƙarshen hunturu ɗaya.

Ga dabarar da ta fi ko wace. Kada ka zaɓi shuka a watan Agusta, gama a lokacin ko ciyawar juji kyakkyawa ce. Bari sai Maris ko Afrilu, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, ka zaga gari ka duba gidaje da makarantu da asibitoci. Abin da ka tarar da sauran kore a wurin da ba a cika ba shi ruwa ba, shi ne naka. Ka roƙi reshe ko 'ya'yan gindinsa, da wuya a hana ka. Sa'an nan ka tambayi mai shi tsawon da ya kan kai in ya girma, don ɗan tsiron da ka gani a gwangwani taƙi ɗaya, wataƙila baɗi ya kai maka ƙugu. Na gaba kada ya wuce ƙafa ɗaya. In fangalin siriri ne, rabin haka ya fi.

Na farko da zan ambata shi ne wanda masu sayar da furanni ke kira fotulaka. Ɗan'uwan harshen saniya ne, ciyawar nan mai kaurin ganye da ke fitowa a lambu, amma shi asalinsa Amurka ta Kudu. Shimfiɗuwa ya ke yi a ƙasa, ba ya wuce inci 6. Furensa ja, da rawaya, da fari, ya kan buɗe da hantsi, ya rufe da yamma ko in hadari ya rufe rana. Ganyensa ajiyar ruwa ne, don haka ƙishi ba ya saurin kashe shi. Yawan ruwa shi ne ajalinsa, in ƙasa mai riƙe ruwa ce sai ya ruɓe. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa kamar sauran, bayan wani lokaci sai tsakiyarsa ta yi sanƙo. Maganin abin kuwa da sauƙi: ka karyo reshe kamar tsawon yatsa, ka soka a giɓin, cikin 'yan kwanaki ya yi saiwa.

Akwai kuma wata 'yar albasa ta ado, ita ma daga Amurka, sunanta a littattafan masana Zefirantis. Ganyenta siriri kamar na albasar miya, furenta fari ko ja-ja. Halinta abin sha'awa ne: ta kan yi shiru da rani, har ka ce ta mutu, amma kwana kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi sai ka wayi gari ka ga bakin fangali ya yi fure gaba ɗaya. A ganina ita ce sarauniyar sahun gaba, don ba ta yaɗo, ba ta tsawo, 'ya'ya ta ke yi a gindinta tana cika layi a hankali. Binne ta a ke yi, zurfin inci 2, tsakani inci 4. Sai dai ka ja kunnen mutanen gida. Ba albasar ci ba ce, dafi gare ta, haka kuma albasar kwaɗi ta dajinmu, wadda ita girman ganyenta ma ya hana ta zama a gaba.

In fangalinka a inuwar itace ya ke ko ƙarƙashin baranda, nemi gajeriyar moda. Ka san moda, wadda maharba ke fid da zarenta su yi tsarkiyar baka. Ita doguwa ce, wurinta tsakiya. Amma a 1939 aka sami wata gajeriya cikin danginta a wani lambun raino a birnin New Orleans na Amurka, ganyenta a dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, tsawonta bai fi taƙi ba. Daga can ta bazu duniya. Abin mamaki, kakanninta 'yan ƙasar nan ne, daga Nijeriya zuwa Kwango. Ta kan jure mantuwa, amma ba ta son ranar tsaka ta bazara a kanta.

Zabuwa, wadda waɗansu ke ce wa kabar giwa, ita ma ta kan zauna a kusurwa ko a ƙarshen layi. Ƙayar gefen ganyenta dai ka tuna da ita, kada ka sa ta inda ƙananan yara ke wucewa.

Saura ɗaya mai gardama, watau binka, furen nan fari ko ja mai kunne biyar da ka ke gani a ko ina. Daga tsibirin Madagaska ya fito. Fure ya ke yi rani da damina, akuya kuma ba ta cika kula shi ba saboda ɗaci. Amma in an ƙyale shi ya kan kai ƙafa 2 ko fiye, gindinsa ya tsiraita. In za ka sa shi a gaba, lalle ne ka riƙa tsinke kansa yana ƙarami don ya yi rassa. A 1958 waɗansu masana a Kanada suka fid da maganin ciwon daji daga ganyensa. Wannan aikin ɗakin magani ne da awo. Wanda ya dafa ganyen ya sha, dafi ya sha.

Biyu kuwa ka yi hankali da su, ko da ya ke gajeru ne. Kiri-kiri in ta shiga fangali ba ta fita, ta ƙarƙashin ƙasa ta ke bi ta shaƙe sauran. Na'ana'a ma haka ta ke yaɗo, ga ta da son ruwa. In kana sonta don shayi, sa ta a fasasshiyar tukunya kusa da randa.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, da yamma, don su kwana da sanyi. Zuba takin da ya ruɓe sarai, gama ɗanyen taki da kara su ke kiran gara. Kada ka jera su ɗaya ja, ɗaya fari kamar duwatsun wuya. Iri guda biyar ko bakwai a wuri ɗaya, sa'an nan wani iri, ya fi kyau ga ido, ya kuma fi sauƙin ban ruwa, don masu ƙishi ɗaya suna tare. Ka ja da baya kamar taƙi ɗaya daga hanya, ka jera duwatsu ko tubali a gaba. Kusa da ƙofar ɗaki kuwa ka bar fili sharare, kada ganye ya yi duhu a nan, saboda kunama da maciji.

Ranin farko shi ne mai wuya, don saiwa ba ta yi nisa ba tukuna. Ka ba su ruwa ya shiga ƙasa sosai sau biyu a mako, ya fi yayyafi kullum, gama yayyafi a sama ya ke tsai da saiwa. Daga shekara ta biyu sai ka rage. In sun yi shekara uku sun cushe, ka haƙe su a farkon damina, ka rarraba gindin, ka mai da rabi wurinsa, sauran ka ƙara tsawon layi da su.